An Ce Jinina Ajiyar Ƙanwata Ce

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Talata mai zuwa, kaina ya kulle. Na rubuta sunana cikin masu ba da gudummawar jini, karo na farko a rayuwata, kuma tun da na faɗa wa mahaifiyata ta daina ɗaga wayata. Na san duk wanda ya ji haka zai ce ina haɗin ba da jini da fushin uwa, shi ya sa zan faro miki daga tushe. Ki yi haƙuri in na yi ta kwana-kwana, ni kaina ban san inda bakin zaren yake ba.

Mu biyu ne kawai a wurin Umma, ni da ƙanwata da muke kira Auta. Na girme ta da shekara bakwai. Da ciwon sikila aka haife ta, kuma duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da mai wannan ciwon ya san yadda yake juya gida. Yau lafiya lau ana dariya, gobe ta tashi tana riƙe da ƙafa tana cizon filo. Babanmu ya rasu tana rarrafe, don haka Umma ita ce uwa, ita ce uba, ita ce kuma mai jinya.

Ranar da aka fara ƙara wa Auta jini, tana 'yar shekara biyar, an sha baƙar wahala kafin a samu. Ina tuna Umma tana zarya tsakanin ɗakin gwaji da bakin gado, takalminta ɗaya ya tsinke tana jan sa, tana roƙon mutanen da ba ta taɓa gani ba. Da aka sallamo su sai ta zaunar da ni a bakin katifa ta kama hannuna, ta ce daga yau jinin da ke jikina ba nawa ba ne, ajiyar Auta ce Allah ya ba ta a wurina. Uwa ɗaya uba ɗaya, ai jini ɗaya ne. Ta ce ko duniya duka ta juya mata baya, ba za ta ƙara tsayawa a asibiti hannu rabbana ba tana da ni. Anti, wallahi a lokacin daɗi na ji. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu an ba ta muƙami, har tafiyata sai da ta canza.

Sai dai muƙamin da dokokinsa ya zo. Ba keke, ba gudu a filin makaranta, ba hawa babur ko da za a makara. Wuƙa ba a ba ni, har na yi aure ban iya yanka albasa da sauri ba, dangin miji suka samu abin dariya. Hanta da alayyafo kuwa na ci har ko ƙamshinsu ba na son ji. Kuma duk safiya kafin in fita sai Umma ta sa babban yatsa ta ja fatar ƙasan idona ta leƙa. In ta ga ja ta ce alhamdu lillahi, in ta ga ya ɗan yi fari a ƙara hanta. Har yau da nake da shekara talatin da huɗu da ɗa guda, in na shiga gidanta kafin ta amsa gaisuwa sai ta duba idon. Ni ma ba na jira a ce, ina durƙusawa nake miƙa fuska.

Abin da zai ba ki mamaki, ba a taɓa ɗibar jinin nan ba ko sau ɗaya. An ƙara wa Auta jini ban san adadi ba, kuma duk lokacin da asibiti suka ce a kawo wanda zai bayar a madadin wanda aka sa mata, Umma kawunmu take turawa, ko wani maƙwabci, daga baya kuma mijina. Ni ta ce ta ranar da aka rasa kowa ce. Ko likitan Auta ba ta taɓa gaya masa akwai ni ba, wai in suka san da ajiya za su yi ta ɗiba ko da ƙaramin dalili. In likitoci suka shigo zagaye sai ta yi min ido, in tashi sumsum in fita baranda in tsaya kamar wadda ta zo duba wani.

Akwai abin da ban taɓa furta wa kowa ba. Ranar da na haihu Umma ta shigo ɗakin da sauri, ta wuce jaririn a ɗan gadonsa, ta tare ungozoma tana tambayar ko na zubar da jini da yawa. Sai da aka ce mata a'a sannan ta waiwayo ta tambaya mace ce ko namiji. Matan da ke wurin suka ce kai, wannan uwa da son 'yarta take. Ni ma na yi murmushi. Amma har yau ban san lafiyar wa ta tambaya ba, tawa ko ta Auta, kuma abin yana ci na.

Ina aiki a wani kamfanin ɗinkin kayan makaranta. Dogon ɗaki ne a saman bene, kekunan ɗinki layi biyu, fankoki suna kaɗa zare da ƙurar yadi, teburin yanka yana can ƙarshe kusa da taga. Ni aikina kwala da aljihu, in aiki ya yi yawa in taimaka wa masu guga. Sai da aka kai ruwa rana kafin Umma ta yarda in kama aikin, wai wurin allura da almakashi ne. Har yanzu in allura ta soke ni, kafin in ji zafi na riga na kai yatsan baki kada ɗigo ya faɗi ƙasa. Abokan aikina sun ɗauka tsoron ɓata yadi nake yi.

To, makon jiya ma'aikatan bankin jini suka zo harabar ginin namu. Suka kafa rumfa, suka jera kujerun roba, ga wata doguwar mota mai gadaje a ciki. Mai kamfani ta ce duk mai so ta sauka a lokacin hutun rana. Akwai wata abokiyar aikina mai yanka, Almakashi muke ce mata saboda hannunta da bakinta duk kaifinsu ɗaya. Ita ta saba bayarwa, har tana cewa ranar da ta bayar ta fi yin barci mai daɗi. Ita ta ja hannuna, wai in zo ko kallo ne in yi. Ni kuma na bi ta don kunnena ya huta da ƙarar keke, ba da wata niyya ba.

A ƙarƙashin rumfar wata ma'aikaciya dattijuwa mai tabarau tana yi wa mutane bayani. Wata ta tambaye ta ina jinin yake zuwa, ta ce wurin mata masu haihuwa, da waɗanda suka yi hatsari, da masu sikila. Tana cewa sikila sai na tuno jakar nan mai duhu da ake ratayewa a saman gadon Auta, yadda nake zama ina kallon ta tana raguwa, leɓen Auta yana dawowa daga fari zuwa ja. Ban taɓa tambayar kaina jinin waye ba sai ranar, tunda na su kawu madadi ne kawai, ba shi ake sa mata ba. Wani ne can ya bar aikinsa ya je ya kwanta ya miƙa hannu, bai san mu ba, ba mu san shi ba. Kafin in ankara biro yana hannuna, na rubuta sunana da lambar wayata.

Suka auna nauyina, suka soki yatsana suka gwada. Dattijuwar ta duba ta yi dariya, ta ce wannan jini haka, wa ke ciyar da ke? Sai dai ba su ɗiba a ranar ba, don ban daɗe da gama shan maganin ciwon haƙori ba, suka ce in same su a cibiyarsu Talatar nan da na ce miki. Ta tambaye ni rukunin jinina, na ce irin na ƙanwata ne. Ta ce wanne ke nan? An taɓa faɗa min wani harafi lokacin da nake zuwa awon ciki, amma ban riƙe ba. Don me zan riƙe, tunda na san amsar tun ina yarinya? Ta kalle ni ta saman tabarau kamar za ta yi magana, sai layi ya matso aka kira wadda ke bayana.

Ga inda na fara tsoron kaina. Ina hawa matakala zan koma bakin keke sai wani irin daɗi ya rufe ni, irin na wanda ya tsallake katanga ba a gan shi ba. Na yini ina 'yar waƙata a kan kwala. To daɗin mene ne? Na taimako ne, ko na saɓa wa Umma? In na taimako ne, me ya sa yake kama da na sata? Na kasa rabewa, Anti, kuma wannan tambayar ta fi komai ba ni kunya.

Ban iya ɓoye wa Umma abu ba. Ranar hutu na je gida na same ta a falo tana yanka hanta a faranti, Auta tana kwance a doguwar kujerarta da bargo da robar ruwan zafi a ƙafa, tana danna waya. Na durƙusa, Umma ta goge hannu ta duba idona kamar kullum, ni kuma a nan, yatsanta yana kan fuskata, na faɗa mata. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta sauke hannunta a hankali ta ce ashe ajiyar da ta ba ni shekara da shekaru ita zan je in rabar a titi. Ta ce ta hana kanta nama don in ci, ba don wasu can su kwasa ba. Ta ce ga sanyi yana tahowa, kuma na fi kowa sanin abin da sanyi yake yi wa Auta, in aka neme ni a makonnin nan aka tarar ba komai a jikina da wane ido zan kalle ta? Sannan ta faɗi wadda ta fi min zafi. Ta ce in na je na bayar, ranar da Auta ta kwanta kada in taka ƙafata asibiti, don ba ta ga abin da zan kawo ba. Ta ɗauki farantinta ta shige kicin. Ban ci komai a gidan ba ranar, ba a kuma ce in ci ba.

Auta kuwa ƙara rikita ni ta yi. Ita ba ta rabo da tsokana, tun tana ƙarama tankina take ce min, in na yi tuntuɓe ta ce Yaya a hankali kada ki zubar min. Umma tana shigewa ta fashe da dariya har tana dafe ƙirji, ta ce Yaya don Allah je ki bayar, na gaji da zama dalilin da ya sa babba da ke ba ki iya hawa keke ba. Na ji sanyi a raina. Amma ina isa gida sai ga saƙonta a waya, ba wasa ba alamar dariya, wai Yaya in kin ba su zai daɗe kafin ya dawo? Na karanta ya fi a ƙirga. Ban ba ta amsa ba don ban sani ba. Ashe duk dariyar nan ita ma ta jingina da ni.

Maigidana mai gyaran wuta ne, mutumin kirki, amma a irin wannan ba a samun komai a wurinsa. Ya ce jinina ne in yi yadda na so, shi dai in hakan zai sa a daina aiko mana da kular hanta duk mako to yana bayana. Shi ya sha bayarwa saboda Auta, ya ce cizon cinnaka ya fi zafi. Da na matsa masa sai ya ce ba zai shiga tsakanin uwa da 'ya ba, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya yi gaba. Kafin aurenmu Umma ta tsaya kai da fata sai da aka yi mana gwaji, aka ce ni ina ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ni da ciwon, shi kuma ba ya ɗauke da komai, ɗanmu ma lafiyarsa lau. Iyakar abin da na riƙe game da jinina ke nan, sai kuma cewa na Auta ne.

A wurin aiki kuwa kowa ya zama likita. Wata ta ce wanda ya bayar sau ɗaya jikinsa zai saba, in bai ƙara ba jinin ya yi masa yawa ya hau kai. Wata ta ce ramewa ake yi, ta kusa da ita ta ce a'a ƙiba ake yi, har suka kusa faɗa a kan jikina ina zaune. Almakashi ta ce duk shirme ne, in kuma na fasa za ta sa min suna matsoraciya har in bar kamfanin. Gaskiya tsoron allurar ma akwai shi. Ni da nake yini da allura, da na hango kaurin tasu ta tagar motar sai da na ja da baya.

Kwanaki ke nan ina kiran Umma, Auta ta ce tana zaune take kallon wayar har ta katse. Na ɗinka aljihu a juye har mai kamfani ta tambaye ni ko lafiya. In na fasa, na san Umma za ta huce, a dawo da kular hanta, in ci gaba da miƙa ido har tsufa, kuma ba na jin zan yafe wa kaina. In na je kuma wani abu ya samu Auta, ko da ba ruwansa da ni, na rasa uwa ke nan, nan ma ba zan yafe wa kaina ba. Shin jinin da aka bayar yana dawowa kuwa, ko abin da ya fita ya fita? Haƙƙin ƙanwata zan ci? Ko dai hanyar gudu nake nema na sa mata rigar taimako? Anti, ki faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Taki,
Mai Ɗinki a Ruɗe

AMSA

'Yar'uwata mai ɗinki, na yi dariya a wurin hanta, na kuma ajiye wasiƙar da na zo wurin haihuwa. Kafin komai ki kwantar da hankalinki. Ba ki yi laifi ba, Umma ma ba muguwa ba ce. Kuskure ɗaya ne ya zauna a gidanku shekara ashirin da ɗoriya, ba wanda ya taɓa fito da shi gaban wanda ya sani.

Ni ba likita ba ce, don haka na karanta wa wata likitar jini wasiƙarki. Bari in fara da mai sauƙin. Jini ba ya taruwa a jiki yadda ruwa yake taruwa a tanki, Auta ta yi haƙuri. Jiki kullum cikin ƙera sabo yake, ƙwayoyin jini 'yan watanni suke yi su mutu wasu su maye gurbinsu. Jinin da Umma ta fara tattali kina yarinya ya tafi tuntuni, ba wanda ya amfana da shi. Abin da za a ɗiba bai kai rabin lita ba. Ruwansa yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ƙwayoyin cikin 'yan makonni, shi ya sa ake ce wa mace ta huta wata uku zuwa huɗu kafin ta sake bayarwa. Amsar saƙon Auta ke nan, ki tura mata yau, kada ki bar ta tana jira. Maganar ƙiba da rama da jini ya hau kai kuwa, ki bar wa masu ita a bakin keke.

Yanzu ga mai nauyin, ki gyara zama. Zama uwa ɗaya uba ɗaya ba ya sa rukunin jini ya zama ɗaya, ana samun 'yan ciki ɗaya kowa da nasa. Wannan ma ƙarami ne. Kin faɗi wata magana a tsakiyar wasiƙarki kika wuce kamar ba komai, cewa kina ɗauke da ƙwayar sikila. Likitar tana jin nan ta ce in dakata. Ta ce mai ciwon sikila jinin da ba shi da ƙwayar ake nema masa, don ba a son a ƙara masa abin da ake ƙoƙarin rage masa. Ta ce ko ba wannan ba, likitoci da yawa ba sa son sa wa mai yawan karɓar jini na ɗan'uwansa na kusa, saboda wasu magungunan da za a iya yi masa nan gaba. Sannan ranar gaggawa ba a ɗibar jini daga hannu a kai wa mara lafiya kai tsaye, sai an gwada an tantance, kuma hakan yana ɗaukar lokaci. Jinin da ke ceton rai a irin wannan rana shi ne wanda wani ya bayar tun kafin ranar, yana jira a firij. A taƙaice, da wuya in jininki zai yi wa Auta amfani ko da ranar da aka rasa kowa ta zo. Likitanta ne zai tabbatar, ba ni ba, amma da an tambaye shi tun farko da nan take ya faɗa. Ɓoye ki da aka yi masa shi ya raya kuskuren.

Kada ki ɗauki wannan ki ruga gida kina murna kin yi nasara. Ki tsaya ki dubi Umma. Mace ce ita kaɗai da 'ya mai ciwon da ba ya sallama kafin ya zo. Ba ta da iko da ciwon, ba ta da iko da sanyi, ba ta da iko da abin da ke cikin firij ɗin asibiti. Ta duba ko'ina ta ga abu ɗaya da hannunta zai iya kaiwa, wato abincinki da ƙasan idonki, kuma shi ya ba ta damar yin barci duk shekarun nan. Ranar da likita zai yi bayani, ke kaya za a sauke miki, ita kuwa abin da take tsaye a kai za a zare mata. Fushin da kike gani tsoro ne. Duk da haka ba zan shafa mata mai ba: maganar da ta faɗa miki ta yi zafi, kuma ba daidai ba ce. An tauye miki abubuwa da yawa tun kina ƙarama, kina da damar jin ciwon hakan ba tare da kin zama mara biyayya ba.

Tambayarki ta ranar haihuwa, ina jin Umma ita kanta ba za ta iya rabewa ba. Uwar da ta saba ganin jini yana ƙarewa a jikin 'yarta ɗaya, in ta ga ɗayar a gadon haihuwa tambayar da za ta fara zuwa bakinta ke nan. Na fi zaton ku biyun ta tambaya. Wata rana, in hankali ya kwanta, ki tambaye ta da bakinki cikin taushi. Kin cancanci jin amsar daga wurinta, ba daga jarida ba.

Daɗin da kika ji a matakala kuma ki daina tuhumarsa. Akwai taimako a cikinsa, akwai kuma jin cewa yau kin yanke wa jikinki hukunci da kanki, kuma ba ɗaya a cikinsu da yake sata. Ki tsayar da niyyarki a kan taimakon, sauran ki bar shi ya zauna.

Ga abin da zan yi da ni ce. Ba zan fasa ba, amma zan kira cibiyar in roƙi su ɗaga min ranar zuwa mako ɗaya ko biyu, ba wanda zai yi fushi da hakan. A tsakanin nan ki zauna da Auta ki gaya mata komai. Ba yarinya ba ce, likitan ma nata ne, ita za ta nemi ku shiga wurinsa ku uku. Tunda Umma ba ta ɗaga wayarki, ki bi ta hannun kawunku, mutumin da ya sha miƙa hannu saboda Auta ba za a ƙi sauraronsa ba. A gaban likita ki tambaya ƙarara ko jininki zai yi wa Auta, ki bar Umma ta ji amsar da kunnenta. In ya ce zai yi, kuma yana son ki jira, sai ki bi tsarinsa. In ya ce ba zai yi ba, kada ku tashi sai ya gaya muku rukunin jinin Auta da yadda ake tanadar mata shi tun kafin buƙata ta taso. Kada a karɓe wa Umma abin da ta riƙe a bar ta hannu wofi. Mutane take buƙata, masu lafiya da suka saba bayarwa, kuma da bakin Almakashi za a iya sauko da rabin ɗakin ɗinkin nan. Ki kuma gaya wa Umma abin da dattijuwar nan ta ce da ta ga jininki, don aikinta ne aka yaba. Kular hanta ma a bar ta ta ci gaba da zuwa, maigida ya yi haƙuri.

In kuma duk an yi wannan Umma ta ƙi saukowa, to kin sauke naki nauyin, shawara ta dawo hannunki. Ki je ki bayar ba tare da shela ba, ba kuma tare da ɓoyo ba, ki ci gaba da gaishe ta ko ba ta amsa.

Ranar bayarwa ki yi barci sosai, ki ci abinci, ki sha ruwa. Ki faɗa wa ma'aikatan gaskiyar komai, har da maganin haƙori da maganar ƙwayar sikila, su za su ce ko za su karɓa, in sun ce a'a ba abin kunya ba ne. Allurar sabuwa ce, daga ke sai kwandon shara. Ki kau da kai ki bar Almakashi ta cika miki kunne, kafin ta kai ƙarshen labari ɗaya an gama. Ki huta kafin ki miƙe, kuma ranar kada ki karɓi aikin guga.

Saura magana ɗaya. Umma ta ce in kin bayar kada ki zo asibiti, don ba ta ga abin da za ki kawo ba. Allah ya nisanta ranar, amma in ta zo, ki je. Ko an kira ki ko ba a kira ki ba, ki je. Ki matsa wa Auta ƙafa, ki karɓi Umma ta samu ta runtsa. In ta ɗaure fuska ki bar ta ta ɗaure, ke dai ki zauna. Tsoron da na gani a ƙarƙashin wasiƙarki duka shi ne, in aka cire jinin ba abin da ya rage da za a so ki dominsa. Ba zan iya cire miki wannan tsoron da alƙalami ba, sai kin je kin gani da idonki. Na yi imani kafin a sallame ku, Umma da kanta za ta ce ki matso kusa.

Allah ya ba Auta sauƙi mai ɗorewa, ya sanyaya zuciyar Umma, ya kai jininki ga wanda yake jiran sa.